Me ya sa kuɗin data a Saudiyya ya yi wa na gida nisa haka?

Malam Sani Sharamansur: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce ga masana. Baƙin Umara da ke sauka daga Kano da Maraɗi kukansu ɗaya ne, wai shariha, wato layin waya, a nan ta yi tsada. Suna cewa kuɗin baƙa, wato ƙunshin data, ta wata ɗaya a Makka, in aka canza shi naira, zai riƙe mutum watanni a gida. To nan wuta ba ta ɗaukewa, mai da arha, ga ƙarfen sabis ko'ina. Can kuwa komai da janareta. Ashe ba nan ya kamata ta fi sauƙi ba?

Injiniya Bashir Jidda: Wa alaikumus salam Malam Sani. Tambayar ta yi kyau, domin ta nuna cewa kuɗin da kamfani ke kashewa daban, farashin da yake sa wa mutane daban. Bari mu fara da abin da ake kashewa.

Kafin kamfani ya kafa ƙarfe ko ɗaya sai ya sayi lasisi da zangon iska, wato hanyar da sabis ke bi a iska ya iso wayarka, daga gwamnati. A 2004 masu Mobily sun biya riyal biliyan 12.2 don lasisi na biyu. A 2007 Zain ta biya riyal biliyan 22.9, wato dala biliyan 6.1, don na uku, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 30 ba a lokacin. A Najeriya kuwa lasisin GSM na 2001 dala miliyan 285 aka sayar wa kowane kamfani. Na Zain ya ninka shi fiye da sau ashirin. Ka raba biliyan 22.9 a shekara 25 da aka fara ba su, za ka samu sama da riyal miliyan 900 kowace shekara, kafin a biya ma'aikaci ɗaya. Wannan kuɗin ba daga sama zai faɗo ba, a jikin baƙarka yake. Shi ya sa a 2016 aka ƙara wa kamfanonin shekara 15 a wa'adin lasisi, nauyin ya ɗan rarrabu.

Hajiya Rabi Madina: Injiniya ka manta da dariba, wato haraji. Tun watan Yulin 2020 harajin VAT a nan kashi 15 ne, da can 5 ne. Katin riyal 100 a riyal 115 kake sayensa. A Najeriya kashi 7.5 ne.

Injiniya Bashir Jidda: Ban manta ba Hajiya, ina tafe. Amma gaskiyarki.

Sai kuma wuta, inda Malam Sani ya yi daidai. Ƙaramin janaretan da ake ajiye wa ƙarfen sabis yana shan kamar lita 2 zuwa 3 na dizal a awa. Mu ɗauki biyu da rabi. In wurin babu wutar gwamnati ko sola, lita 60 ke nan a rana, lita 1,800 a wata. In lita naira 1,200 ce, ƙarfe ɗaya ya cinye naira miliyan 2.16 a wata a kan mai kaɗai. Ba a yi maganar tankar da za ta kai man ba, da maigadi, da batiran da ɓarayi ke kwashewa, da canjin man inji. A nan yawancin ƙarafan a kan wutar gwamnati suke, kuma litar dizal ba ta kai riyal 2 ba. Don haka ta wannan fuskar gigar Najeriya ta fi ta Saudiyya tsadar samarwa.

Malam Sani Sharamansur: To ka ga abin da nake faɗa ke nan. Ta fi tsadar samarwa amma ta fi arhar sayarwa?

Dakta Hadiza Riyad: Malam, a nan ne ake ruɗuwa. Ba data ce ta yi arha a Najeriya ba, naira ce ta faɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haye 1,500. Ɗauki baƙar naira 1,000. A farko dala 2 da ɗoriya ce. Bayan faɗuwar ta koma kamar santi 67. Mai saye a Fagge bai ga ragin ko kwabo ba, dubu ɗayarsa ya bayar jiya, dubu ɗaya ya bayar yau, amma a teburin da ake kwatanta ƙasashe da dala sai a ce data ta yi arha ninki uku a Najeriya. Riyal kuwa tun 1986 a ɗaure take, 3.75 a kowace dala. Ba ta motsi, saboda haka farashin nan ba ya narkewa a kan takarda.

Su kamfanonin can kuwa eriya da dala suke saye, batir da dala, hayar ƙarfe a wajen irin su IHS wani kaso nata da dala aka ƙulla. Kuɗin shiga da naira. MTN Najeriya ta bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024, kuma canjin kuɗi ne babban dalili. Sai a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Wato arhar da alhazai ke tunawa, wani ɓangarenta bashi ne da aka jinkirta biyansa.

Alhaji Usman Mai Wurno: Dakta kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi mu mutanen Sudan. A jerin da Cable.co.uk, shafin kwatanta farashi na Birtaniya, ta fitar a 2021, Sudan tana cikin ƙasashe biyar mafi arhar data a duniya, santi 27 kowace giga, kafaɗa da kafaɗa da Italiya. Wanda bai san ƙasar ba sai ya ɗauka aljannar intanet ce. Abin da ya faru shi ne a Fabrairun shekarar aka karya darajar fam ɗin Sudan daga 55 zuwa 375 a dala rana ɗaya. Abin da ake sayarwa fam 200 ya tashi daga dala 3.6 ya koma santi 53. Zain da MTN da Sudani ba su rage komai ba, hasali ma ƙari suka riƙa yi suna bin hauhawar farashi a baya.

Ga kuma takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017, wanda ya sa shigo da kayan aiki da biyan kuɗinsu ya zama wahala. Kuma Sudan ba ta rasa hanyar teku ba. Wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna EASSy tana sauka a Port Sudan, akwai kuma wayoyin da suka haɗa Port Sudan da Jidda kai tsaye ta ƙarƙashin Bahar Maliya. Ruwa yana bakin ƙofa, kai shi Nyala ko Geneina ne aikin.

Abubakar ɗalibi, Jami'ar Madina: Baba Alhaji, yanzu da yaƙi fa, yaya farashin yake?

Alhaji Usman Mai Wurno: Ɗana, tun 15 ga Afrilun 2023 maganar ta wuce farashi ta koma akwai ko babu. A Fabrairun 2024 sabis ya ɗauke a yawancin ƙasar na makonni. Kuma ka san mutane da manhajar banki ta Bankak suke karɓar abin da 'yan'uwa ke aiko musu daga nan, in babu sabis babu cefane. A wurare da dama sai faranti na Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, da aka shigo da shi ta iyaka, mai shi ya ajiye a kasuwa ya sayar da awa. A can babu mai lissafin giga. Awa ake saye, mutum ya buɗe Bankak, ya tura saƙon murya, ya tashi.

Injiniya Bashir Jidda: Allah ya kawo musu sauƙi.

Hajiya Rabi Madina: Amin. Amma ni ban yarda canjin kuɗi da lasisi sun gama bayanin ba. Italiya ba ta da faɗuwar kuɗi, ga albashin ma'aikata da tsada, kuma sun sayi zangon 5G da tsada. Duk da haka tana cikin mafi arha. Me ya kawo haka? A Mayun 2018 kamfanin Iliad ya shigo da giga 30 a kan yuro 5.99, dole sauran suka sauko. Faransa haka aka yi a 2012 da Free Mobile. Isra'ila ma a 2012 aka buɗe wa sababbin kamfanoni ƙofa farashi ya rushe. Indiya ita ce babbar shaida. A Satumbar 2016 Jio ta fito ta ba da data kyauta watanni, kamfanonin da suka kai goma suka riƙa haɗewa ko rufewa, yau manyan masu zaman kansu uku suka rage da na gwamnati ɗaya.

Duk inda kuka ga data ta faɗi warwas, ku bincika, za ku tarar wani baƙo ne ya shigo da yunwar kwastoma. Kamfani ba ya rage farashi don kuɗin dizal ya sauka. Yana ragewa ne in ya ga maƙwabci zai kwashe masa mutane.

Malam Sani Sharamansur: Hajiya ai nan ma kamfanonin da yawa. Ga STC, ga Mobily, ga Zain, ga Lebara, ga Virgin, ga Salam.

Hajiya Rabi Madina: Masu ƙarfe uku ne Malam, na farkon da ka lissafa. Sauran haya suke yi. Suna sayen data a sari daga mai ƙarfe su sayar maka da sunansu. Ɗan haya ba zai iya sayarwa ƙasa da yadda maigida ya ba shi ba, sai dai ya rage ribarsa ko ya tsara baƙar da ta dace da wasu mutane, kamar mintocin kiran ƙasashen waje ga ma'aikata baƙi. Suna da amfani, amma ba su ne irin Jio ba.

Dakta Hadiza Riyad: Na yarda da rabin maganar Hajiya. Ɗaya rabin shi ne aljihun mai saye. Kamfani yana duba abin da layi ɗaya ke kawo masa a wata. A Najeriya bai kai dala 5 ba. In suka sa farashin Riyad a Gusau babu mai saye. A nan kuwa mutum zai biya riyal 100 ko 200 a wata bai ji a jikinsa ba, to me zai sa a rage masa? Kuma gasa ba kullum ake barinta ta yi aikinta ba. A ƙarshen 2016 NCC ta so ta kafa mafi ƙarancin farashin data, wai don kada manya su murƙushe ƙanana, mutane suka yi caa aka janye. Indiya ma bayan Jio ta gama tara mutane an yi ta ƙara farashi.

Abubakar ɗalibi, Jami'ar Madina: To wane ma'auni ne na gaskiya, tunda dala tana yaudara?

Dakta Hadiza Riyad: Wanda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yaɗa intanet ta sa: kada ƙaramar baƙar wata ta wuce kashi 2 cikin ɗari na abin da mutum ke samu a wata. Gwada shi da kanka. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne, kashi 2 ɗinsa naira 1,400. Ɗan ƙasa a nan mai riyal 4,000, nasa riyal 80. Da riyal 80 zai samu data da ta fi ta mai naira 1,400 nesa ba kusa ba. Don haka ga ɗan ƙasa, nan ta fi arha.

Amma ga inda ma'aunin ke ɓoye mu. Direban gida ko mai aikin shago da ke karɓar riyal 1,000, nasa kason riyal 20 ne. Farashin an yanka shi ne da awon aljihun ɗan ƙasa, shi kuma yana biya da aljihun baƙo. Shi ya sa koken da Malam Sani ya kawo gaskiya ne ga masu yinsa, ko da alƙaluman ƙasa sun ce ba haka ba.

Malam Ilya Damagaram, Karantina: Ku sa Nijar a lissafin don Allah. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, ba ta faɗi kamar naira ba. Kamfanoni huɗu ne. Me ya sa ba a samun sauƙi?

Injiniya Bashir Jidda: Malam Ilya, babu teku. Intanet ɗin duniya kusan duka ta wayoyin ƙarƙashin teku take tafiya. Legas tana da SAT-3 tun 2002, Main One da Glo-1 suka zo a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google a 2022. Kowace sabuwa ta sauka sai farashin sari ya faɗi. Jidda da Yanbu kuwa a kan babbar hanyar Turai zuwa Asiya suke, wayoyi suna wucewa ta ƙofar gida. Nijar sai ta bi ta ƙasar wani, Benin ko Najeriya ko Burkina, ta biya kuɗin wucewa, sannan ta ja faiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa, ɗaruruwan kilomita. Chadi haka, ta Kamaru ko ta Sudan.

Ga kuma tazara. Ƙarfe ɗaya a Kano zai ɗauki dubban layuka. Irinsa a hanyar Agadas ƙila 'yan ɗaruruwa, kuma kuɗin kafa shi da kai masa mai ya fi. A karkara ana son zango mai ƙasa, megahaz 700 ko 800, don yana tafiya kilomitoci da yawa yana ratsa bango. Zangon 3,500 da ake 5G da shi yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, sai an yi ƙarafa kusa da kusa. Saudiyya ma hamada ce, amma fiye da kashi 80 na mutanenta a birane suke, shi ya sauƙaƙa mata.

Ko a Najeriya jan faiba daga Legas zuwa Arewa yana cin kuɗi. An yi yarjejeniya jihohi su riƙa karɓar naira 145 a kowace mita ta haƙa, wasu suka bi, wasu suka yafe gaba ɗaya, wasu suka ci gaba da karɓar dubbai. Sannan mai gyaran titi ya zo da katafila ya tsinke wayar.

Malam Sani Sharamansur: Wayar tekun ita ma tana tsinkewa?

Injiniya Bashir Jidda: Sosai. A Fabrairun 2024 uku sun tsinke a Bahar Maliya. Ranar 14 ga Maris na shekarar huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, har bankuna a Najeriya suka ji a jikinsu. Wanda ke da hanya biyu ko uku yana juyawa, wanda ke da ɗaya yana zaune. Sayen hanyar ko-ta-kwana kuɗi ne, shi ma yana cikin farashi.

Wani abu kuma da ya keɓanta da nan: Mina da Arafat da Muzdalifa. Alhazai sama da miliyan 1.8 a 2024, kowa da waya yana kiran bidiyo gida a lokaci ɗaya. Ana kafa ƙarafa, har da waɗanda ake jawowa a bayan mota, don aikin kwana biyar ko shida. Sauran shekara yawancinsu suna kallon tantuna babu kowa.

Abubakar ɗalibi, Jami'ar Madina: Jama'a a ba mu na aiki. Baƙo ya sauka Jidda zai yi kwana 14, me zai yi kada a ci kuɗinsa?

Hajiya Rabi Madina: Kafin jirgi ya sauka ya kashe romin na data, wato aiki da layin gida a ƙasar waje. Romin shi ne mafi tsada, domin kamfanin nan zai caji na gida farashin sari da kuɗin waje, na gida ya ɗora nasa. Ya bar layin a kunne don saƙon banki kawai. Sai ya sayi shariha a rumfar kamfani da fasfonsa, za a ɗauki basma, wato zanen yatsa. Kada ya sayi wadda aka yi wa rajista da sunan wani, ana iya rufe ta kowane lokaci, kuma laifin da aka yi da ita a kan mai sunan yake.

Wajen zaɓen baƙa kada ya kalli babbar lambar da aka rubuta. Sau da yawa za a ce giga kaza, ashe rabi na soshiyal ne kaɗai, WhatsApp da YouTube da makamantansu, ba ya buɗe taswira ko Nusuk, manhajar Hajji da Umara. Ya raba kuɗin, har da dariba, da gigar da ke aiki ko'ina. Misali baƙar riyal 60 da aka rubuta giga 20, goma na soshiyal: da dariba riyal 69, in bai cika shiga soshiyal ba gigarsa ta tashi kusan riyal 7, ba 3 ba. Ya duba kwanakin ma. Baƙar wata ga mai kwana 14, abin da ya rage ya tafi.

Dakta Hadiza Riyad: A ƙara da "mara iyaka". Yawanci akwai ƙa'ida a ƙasa da ƙananan haruffa, in ka kai wani adadi a rage maka gudu, ko a hana ka raba wa wata waya.

Injiniya Bashir Jidda: Ga awo don ya san abin da zai saya. Kiran murya ta intanet bai cika wuce mega 1 a minti ba. Kiran bidiyo kamar mega 5 a minti, wato awa ɗaya ta ci mega 300. YouTube a 480 kusan rabin giga a awa, a 720 ya haura giga. Mai kiran bidiyo na rabin awa kullum na kwana 14 zai ci giga 2 da 'yan kai. In ya sayi giga 10 ta ƙare a kwana huɗu, ba kamfani ne ya sace ba. Wayar ce ta ga sabis mai ƙarfi ta ɗaga ingancin bidiyo da kanta, ta shiga loda hotunan Harami zuwa Google Photos, ta sabunta manhajoji. A gida sabis ɗin ne ke taka mata birki, a nan babu birki. Ya shiga saiti ya mayar da ajiyar hotuna da sabunta manhaja sai da wayifai, ya kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, musamman in yana cikin zaurukan alhazai.

Malam Ilya Damagaram, Karantina: Wayifai na masauki fa, ba ya wadatarwa?

Injiniya Bashir Jidda: Da rana yana yi. Bayan Isha'i kowa ya dawo ɗaki, mutum ɗari a kan layi ɗaya, sai haƙuri. A bar masa loda hotuna cikin dare, kira kuwa a yi shi da shariha.

Malam Sani Sharamansur: Madalla. Injiniya saura tambaya ɗaya, masu waya mai layi biyu. Suna cewa sun kashe romin amma an ci kuɗinsu.

Injiniya Bashir Jidda: Wuri biyu za su duba Malam. A saitin layuka, a tabbatar sharihar nan ce aka zaɓa wa data, ba ta gida ba. Sannan akwai wani maɓalli da ke ba waya damar sauya layin data da kanta in ɗaya ya yi rauni, a iPhone da Samsung duka akwai shi, a kashe shi. A cikin cunkoson Harami sabis ɗin ɗaya yana ɗan yankewa, wayar ta tsallaka ɗayan ba ta tambaye ka ba. Kuma amsa kira a layin gida ma ana caji in kana waje, ba sai kai ka kira ba.